Kowa da Kayansa a Goshi: Yadda Mutanen Aztek Suka Rayu

Kafin alfijir ya keto a Tenochtitlan, babban birnin Aztek a ƙasar Meksiko ta yau, abin da kunne zai fara ji shi ne gurzar dutsen niƙa. A kowane gida akwai mace durƙushe gaban dutse tana markaɗa masarar da ta kwana a jiƙe. Tun jiya da dare ta tafasa ta da ruwan farar ƙasa ko na toka, ta bar ta a tukunya ta huce. Da asuba ta wanke, ɓawon ya saɓule, ƙwayar ta yi laushi. In ƙullin ya yi sumul sai ta gutsuro, ta yi ta tafa shi tsakanin tafukan hannunta har ya zama fallen gurasa siriri, ta shimfiɗa a kaskon yumɓu da ke bisa murhu mai duwatsu uku. Gurasar nan ba ta jure ajiya, nan da nan take bushewa, don haka gobe ma sai an sake, jibi ma haka. Sa'o'i da dama na kowace rana a rayuwar mace a gaban dutsen nan suke tafiya.

Yawancin waɗanda suka taɓa jin sunan Aztek, abin da ke zuwa musu a rai shi ne wuƙa da jini da tulin ƙoƙon kan mutane. Wannan ya faru, kuma za mu zo kansa, ba abin da za a rufe. Amma wanda ya fara labarin daga can ba zai gane yadda mutanen suka zauna ba. Ni a ganina mabuɗin yana cikin wata kalma tasu guda, tequitl. Da ita suke kiran aiki, da ita suke kiran haraji, da ita suke kiran nauyin da aka ɗora wa mutum a duniya. Manomi yana da nasa, masaƙiya tana da nata, mayaƙi da nasa, sarki ma a jawabin naɗinsa ana gaya masa cewa goyon jama'a aka ɗaura masa a baya. Dalilin da ya sa kalmar ta yi wannan nauyi a fili yake. Mutanen nan ba su da jaki, ba doki, ba raƙumi, ba shanun huɗa, ba amalanke. Suna ƙera zinariya da azurfa da jan ƙarfe, amma ba su san baƙin ƙarfe ba. Duk da haka suka gina birnin da masana da dama ke ƙiyasta mutanensa sun kai dubu 200, wato ya fi yawancin biranen Turai na zamaninsa. Duk dutsen da aka ɗora a kan dutse, duk ƙwayar masarar da ta shiga birnin, ƙarfin ɗan adam ne ya kawo ta.

Su da kansu Meshika suke kiran kansu, daga nan sunan ƙasar Meksiko ya samo asali. Sunan Aztek a ƙarni na 19 ya yaɗu a rubuce-rubucen Turawa. Harshensu Nahuwatl. Baƙi ne da suka shigo kwarin Meksiko a makare, suka tarar an rabe wurare masu kyau, sai suka fake a wani tsibiri mai fadama a tafkin Texcoco. Labarinsu na gargajiya ya ce a 1325 suka kafa gari a inda suka ga gaggafa a kan wani tsiro mai ƙaya, hoton da ke kan tutar Meksiko a yau. Kusan shekara ɗari suna biyan haraji ga birnin Azcapotzalco. A 1428, ƙarƙashin sarkinsu Itzcoatl, suka haɗa kai da Texcoco da Tlacopan suka karya ubangidan nasu. Daular da ake ta magana a kanta daga nan ta fara, ta kuma faɗi a 1521. Ba ta ma cika shekara ɗari ba.

Tafkin da aka tura su cikinsa don rashin gata shi ya zama arzikinsu. A ɓangarorin da ruwa ba shi da zurfi, musamman kudu wajen Xochimilco da Chalco, manoma kan kafa turaku su yi shinge mai tsawo, su cika cikinsa da ciyawar ruwa da taɓo har ya ɗago sama da ruwa, su dasa itatuwa a gefe don saiwa ta riƙe ƙasar. Wannan gona ita ce chinampa. Ana yawan cewa gonaki ne masu yawo a kan ruwa, amma a kafe suke daram. Ruwa na ratsowa ta ƙasa, don haka ba a jiran damina. Taki kuwa taɓon da ake kwasowa daga ƙasan magudana ne, ana yayyafa iri a wani ɗan fili daban, in ya fito a dasa, gona ba ta zama fayau. A shekara ɗaya ana girbi sau da dama. Matsalar ita ce ruwan gabashin tafkin na da gishiri, kuma in ya yi ambaliya sai ya lalata amfanin gona ya shiga gidaje. A tsakiyar ƙarni na 15 aka gina wata doguwar madatsa mai kimanin kilomita 16, wadda ake jingina wa Nezahualcoyotl sarkin Texcoco, ta raba ruwan gishiri da na daɗi. Ruwan sha kuma aka jawo shi ta ginanniyar hanya daga maɓuɓɓugar Chapultepec. Manyan hanyoyi uku da aka cike a kan ruwa suka haɗa tsibirin da tudu, da gadojin katako da ake iya cirewa in maƙiyi ya taso.

Abincin talaka masara ne da wake da kabewa da barkono da tumatir, sai ƙwayar alayyafo da suke girmamawa ƙwarai. Suna dama kunun masara, suna naɗe ƙulli a ɓawon masara su turara kamar yadda ake alala. Nama ba shi da yawa: talo-talo da kare su ne dabbobin gida da ake ci, sai agwagin tafki da kifi da kwaɗi da ƙwan wasu ƙwari. Akwai kuma wani koren gansakuka da suke yaɗowa daga saman ruwa da raga, su shanya ya bushe su yanka gunduwa-gunduwa. Irin wannan tsiron ne matan Kanembu a Chadi suke kwasowa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem har yau, suna kiransa dihe, suna miya da shi. Al'ummu biyu da teku ya raba, kowacce ta gano abu ɗaya da kanta.

Bari in ɗan tsaya a kan tukunyar nan ta farar ƙasa, don ta shafe mu. Masara a Meksiko aka fara noma ta, dubban shekaru kafin Aztek. Tana da wani sirri: sinadarin bitamin B3 da ke cikinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sai an dafa ƙwayar da abu mai kaifi irin farar ƙasa ko toka. Matan wannan yanki sun gano haka tun zamanin da ba wanda ya san sunan bitamin. Da masara ta tsallaka teku, iri ya tafi amma dabarar ta tsaya a gida. Shi ya sa talakawan da suka dogara ga masara zalla a arewacin Italiya da Sifaniya da kudancin Amurka da wasu sassan kudancin Afirka suka sha fama da cutar felagra, mai sa fata ta yi ta saɓa, ciki ya ɓare, hankali ya gushe. Duk mai cin tuwon masara ya kamata ya san wannan. Ko kalmar tumatir da muke faɗa kullum, in aka bi sawunta, ga tomatl ta harshensu za ta kai mu.

Rashin dabbar sufuri ya tsara tattalin arzikinsu ta hanyar da ba a cika lura ba. Ɗan dako, wanda suke kira tlameme, kan ɗaura kaya a baya ya rataya igiyar a goshi. Kimanin kilo 23 yake ɗauka, ya yi tafiyar kilomita ashirin da wani abu a yini. To ɗan dako ciki gare shi. In tafiyar ta yi nisa, sai ya cinye kwatankwacin hatsin da ya ɗauko. Saboda haka abinci mai nauyi dole daga kusa zai zo, kuma nan ne kwalekwale ya yi rana, don mutum ɗaya da sanda yana tura abin da 'yan dako da yawa za su yi nishi a ƙarƙashinsa. Daga nesa kuwa sai abu mara nauyi mai tsada: gashin tsuntsu, duwatsu masu daraja, 'ya'yan koko da ake cakulan da su, da tufafin auduga. Auduga ba ta yi a kwarin Meksiko, don tudu ne mai sanyi da ya haura mita 2,200, sai an kawo ta daga ƙasashe masu zafi. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana me ya sa idon sarakunansu kullum yake kan kudu da bakin teku.

Duk waɗannan kaya a kasuwar Tlatelolco suke haɗuwa, garin da ke manne da Tenochtitlan, wanda mutanen Tenochtitlan suka ci da yaƙi a 1473. Hernán Cortés, jagoran Turawan Sifaniya, ya rubuta wa sarkinsa cewa mutum dubu 60 ke hada-hada a cikinta kullum. Ko da ya ƙara gishiri, abin da shi da sojansa Bernal Díaz suka kwatanta ya nuna kasuwa mai tsari. Kowace haja da layinta: masu tukwane, masu tabarmi, masu magani, masu aski, masu dafaffen abinci, masu fatu, masu bayi. Da ƙirga ake sayarwa ko da mudu, Cortés ya ce bai ga ana awo da sikeli ba. Akwai alƙalai zaune a wani ɗaki a cikin kasuwar, da masu zagayawa suna duba mudu, in sun sami na algus su fasa shi. Kuɗinsu na ƙananan ciniki 'ya'yan koko ne, kamar yadda wuri ya yi aiki a ƙasar Hausa. Wata takardar farashi ta garin Tlaxcala ta 1545, bayan zuwan Turawa, ta nuna macen talo-talo a ƙwaya 100, ƙwanta a ƙwaya 3, babban tumatir a ƙwaya 1. Har jabu ake yi: a rarake ƙwayar a cusa wani abu a cikin ɓawon a liƙe. Babban ciniki kuma da mayafan auduga ake yi, masu suna quachtli, kamar yadda aka yi amfani da gabaga a Borno.

Nan ne nake ganin an fi tauye wa matan Aztek hakki a labari. In mayafi kuɗi ne, kuma shi ne kan gaba a harajin da larduna ke biya, to macen da ke zaune da mazari da abin saƙa ɗaure a ƙugu, kuɗin daula take bugawa da hannunta. Duk lokacin da sarki ya ƙara wa wani gari haraji, baccin matan garin ya rage. Kuma matan ba a kulle suke ba. Suna gado, suna mallakar dukiya, suna kasa kaya a kasuwa, akwai masu magani, da ungozomomi, da masu dalilin aure, da masu hidimar wuraren bauta. Sarauta da yaƙi dai galibi na maza ne.

Fataken nesa, pochteca, jama'a ce ta daban mai unguwanninta da alƙalanta da abin bautarta. Sukan yi watanni a hanya da ayarin 'yan dako, su kai har Xoconochco kusa da iyakar Guwatemala ta yau. Suna yi wa sarki leƙen asiri, kuma taɓa su kan zama dalilin yaƙi. Amma in sun dawo da dukiya, da dare suke shigowa gari, kaya a lulluɓe cikin kwalekwale, su sa tsofaffin tufafi, in an tambaya su ce kayan wani ne. Sun san cewa arziki ba ya sayen matsayi a garin, kuma idon masu sarauta ba shi da kyau a kan talakan da ya yi ƙiba.

Matsayin kuwa a jiki ake ganinsa. Akwai pipiltin, 'ya'yan sarauta, akwai macehualtin, talakawa, waɗanda a salon maganarsu ake kira jela da fiffike. Dokokin da ake jingina wa Moctezuma na Farko, wanda ya yi mulki daga 1440 zuwa 1469, sun hana talaka sa auduga. Nasa tufafin na zaren magei ne, wani tsiro mai faffaɗan ganye da ƙaya a baki. Mayafinsa kada ya wuce gwiwa, sai in tabon yaƙi yake rufewa a ƙafa. Ba ya gina bene. Ba ya shiga fada da takalmi. Amma kuma doka ta fi tsanani a kan babba: laifin da za a aske wa talaka kai a rushe masa gida a karon farko, kamar buguwa a bainar jama'a, ɗan sarauta kansa zai bayar. Giyar magei tsofaffi ne aka sakar wa mara su sha. Zina kuwa hukuncinta kisa.

Talaka ba shi kaɗai yake tsaye gaban hukuma ba. Yana cikin calpulli, wato unguwa ko dangi mai filayenta da wurin bautarta da makarantarta da dattijonta. Ƙasa ta unguwa ce, iyali na nomawa su gadar wa 'ya'ya, amma ba sa sayarwa. Wanda ya bar gonarsa shekara biyu ba dalili sai a ja masa kunne, in ya ƙara ta uku a ba wani. Ta hannun unguwa ake tara haraji, ta nan ake fitar da mutane aikin gyaran hanya da madatsa da ginin haikali, ta nan ake fita yaƙi. A ƙasa da waɗannan akwai manoman da ke zaune a gonakin masu sarauta, ba su da filin kansu.

Tun ranar haihuwa ake sanar da mutum kayansa. In jariri ya faɗo, ungozoma kan yi kururuwar yaƙi, don a wurinsu mai naƙuda mayaƙiya ce da ta kamo fursuna. Wadda ta rasu wajen haihuwa darajarta ɗaya da wanda ya faɗi a fagen fama: mazan na raka rana daga fitowarta zuwa tsaka, matan su karɓe ta su raka ta zuwa faɗuwa. In namiji ne, cibiyarsa mayaƙa ake ba wa su binne a filin daga. In mace ce, a gindin murhu ake binne tata. Ranar wanka a sa wa namiji 'yar garkuwa da kibau a hannu, mace kuma mazari da 'yar tsintsiya. Sai a kira mai duba ya buɗe littafin kwanaki 260 ya ga ranar da aka haife shi, in mai nauyi ce a ɗaga wankan zuwa rana mai sauƙi.

Akwai wani kundi da masu zanen gargajiya suka yi wajen 1541 bisa umarnin gwamnan Sifaniya Antonio de Mendoza, yana ajiye yanzu a Oksfod ta Ingila. Wani sashensa ya bi yaro shekara-shekara, uba da ɗa a hagu, uwa da 'ya a dama, an zana har adadin gurasar da ake ba su. Ɗan shekara 3 rabin gurasa. Ɗan 4 da 5 guda ɗaya. Daga 6 zuwa 12 ɗaya da rabi. Daga 13 biyu. Kana gani yaro na ɗaukar ɗan ƙaramin kaya da igiya a goshi yana shekara biyar, yana tsintar ƙwayar masara da ta zube a kasuwa yana shida, yana kamun kifi a kwalekwale yana sha huɗu. Yarinya na kallon mazari, sannan ta fara kaɗi, sannan niƙa, sannan saƙa. An zana horon ma ba a ɓoye ba: tsira da ƙayar magei, da riƙe yaro mai shekara 11 a kan hayaƙin barkono, hawaye na zuba. Duk wanda barkono ya taɓa ƙonewa a madafinsu ya san abin da wannan ke nufi, kuma ba na jin akwai iyayen da ya kamata su yi wa ɗa haka.

Sai dai waɗannan iyayen su ne kuma suka bar wasu daga cikin kalamai mafi taushi da aka rubuta a wancan zamani. Wani malamin coci, Bernardino de Sahagún, ya shafe shekaru da ɗalibansa 'yan ƙasa suna zama da dattawa suna rubuta abin da suka faɗa cikin harshen Nahuwatl, aikin da ya zama littattafai 12 da aka kammala wajen 1577. A ciki akwai nasihohin uba da uwa. Suna kiran 'yarsu abin wuyana, gashin tsuntsuna mai daraja. Suna gaya mata duniya wuri ne mai santsi, tafiya ce a kan tsinin dutse da rami hagu da dama, sai a bi tsakiya. Suna ce mata ta tashi da dare ta yi shara, kada ta yi sauri a tafiya kada ta yi nawa, ta iya niƙa da saƙa don kada a nuna ta da baki. Sun kuma ce an ba ɗan adam dariya da barci da abinci da aure don kada baƙin ciki ya kashe shi. Ranar aure da dare ake goyo amarya a baya da fitilun itace a kai ta gidan ango, a zaunar da su a tabarma gaban murhu, a ƙulle bakin mayafinsa da bakin rigarta.

Makaranta ta kowa ce, abin da ba kasafai ake samu ba a duniyar wancan lokaci. 'Ya'yan talakawa na zuwa telpochcalli ta unguwa, inda ake koyon yaƙi da aikin gayya. 'Ya'yan manya galibi calmecac suke zuwa, hannun malaman addini, su koyi karatun zane da lissafin kwanaki da tarihi da shari'a da iya magana, cikin azumi da tashin dare da wankan ruwan sanyi. Da yamma samari da 'yan mata na haɗuwa a gidan waƙa su koyi waƙoƙi da rawar bukukuwa. Ga ɗan talaka, tsani guda ne sananne na hawa sama: kamo fursuna da rai. Yaro kan bar tukku a ƙeya, ba a aske shi sai ya kamo na farko, kuma wanda ya daɗe da tukkunsa 'yan mata na yi masa gori. Wanda ya kamo huɗu ya zama babban mayaƙi, ya sami tufafi da wurin zama da a da ba nasa ba ne.

Bauta tasu ta bambanta da wadda muka sani a tarihinmu ta fuska mai muhimmanci: ba a gadonta. Ɗan bawa ɗa ne. Bawa na iya aure, ya tara dukiya, ya fanshi kansa. Itzcoatl kansa ana ruwaito cewa uwarsa baiwa ce. Mutum kan faɗa bauta ta hanyar sata ko bashi ko caca, ko ya sayar da kansa saboda yunwa. Hakan ya faru da yawa a farin da ya kai ƙarshe a 1454, bayan shekaru na sanyi da rashin ruwa, lokacin da iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu ga mutanen Totonak na bakin teku a ba su masara. Wannan sassauci bai sa bautar ta zama wasa ba. Bawan da aka yi wa shaidar taurin kai ana sa masa ƙangin katako a wuya a kai shi kasuwa, kuma daga nan ana iya sayensa don yanka.

Mun iso wurin da ba a iya kaucewa. A akidarsu, alloli sun sadaukar da kansu kafin rana ta motsa. Mutane kuma an yi su ne daga ƙasusuwan mutanen farko da aka niƙa kamar masara, alloli suka ɗiga jininsu a kan garin. Don haka ɗan adam da bashi aka haife shi, kuma ɗaya daga cikin sunayen da suke ba hadaya yana nufin biyan bashi. Kowa na biya gwargwadonsa: malamai da sarakuna da talakawa na tsaga kunne ko ƙafa da ƙaya su ba da jininsu. Mafi girman biya shi ne ran mutum. A saman babban haikali mai ɗakuna biyu, ɗaya na Huitzilopochtli, abin bautarsu na yaƙi da rana, ɗaya na Tlaloc mai ruwan sama, ana fasa ƙirjin fursunoni da wuƙar dutse. Ana yanka yara don neman damina, ana ɗaukar hawayensu alamar ruwa zai sauka. Wata ruwaya ta ce mutum 80,400 aka kashe a bikin buɗe haikalin a 1487; masana da yawa na ganin adadin ya wuce hankali, kuma gaskiya ne Turawan da suka ci ƙasar suna da bukatar su baƙanta waɗanda suka ci. Amma ƙasa ta ba da shaida. Tun 1978, da ma'aikatan lantarki suka ci karo da wani katafaren sassaƙaƙƙen dutse a tsakiyar birnin Meksiko, ake tono wurin. Daga 2015 aka fara fito da hasumiyar ƙoƙon kai, an ƙirga fiye da 600, har da na mata da yara. Fahimtar dalilin mutum daban, wanke shi daban. Waɗanda aka hau da su matakalar nan 'ya'yan wasu ne, kuma yawancinsu daga garuruwan da ba su da ƙarfin hanawa aka kamo su. Addinin ya yi wa mulki aiki: ana gayyato sarakunan maƙwabta su zo su gani da idonsu abin da ke jiran mai tawaye.

Tsoron da ke ƙarƙashin wannan duka na gaske ne a zukatansu. Duk shekara 52, in lissafin kwana 365 da na 260 suka sake haɗuwa, sai a kashe kowace wuta a ƙasar, a farfasa tukwane, a zubar da duwatsun murhu, a hana yara barci, jama'a su hau rufin ɗaki cikin duhu suna kallon wani tsauni. In sabuwar wuta ta kama a can, duniya ta sami ƙarin wa'adi, masu gudu su rarraba ta gida-gida. An yi na ƙarshe a 1507.

Nauyin birnin kuwa wasu ne ke ɗauke da shi. Kundin Mendoza ya jera larduna 38 da abin da kowanne ke kawowa: rumbunan masara da wake, dubban mayafai, kayan yaƙi, fatun damisar ƙasarsu, zuma, takarda, koko. Aztek ba su cika cire sarakunan da suka ci ba, sukan bar su a kan gadonsu su aiko masu karɓar haraji. Mulki ne mai arha, amma ba ya sa kowa ya ji shi ɗan gida ne. Da Cortés ya sauka a 1519 da 'yan ɗaruruwan mutane, kukan farko da ya ji a garin Cempoala na masu karɓar haraji ne. Tlaxcala, wadda Aztek suka kewaye shekara da shekaru suka hana ta gishiri da auduga, ta yaƙe shi da farko sannan ta zama babbar abokiyarsa. A 1520 agana ta shiga birnin, cutar da jikinsu bai taɓa sani ba, ta kashe har sarki Cuitlahuac. A 1521 aka yanke hanyar ruwan Chapultepec, jiragen yaƙin Turawa 13 suka tare tafkin, kwalekwalen abinci suka daina shigowa. Turawa kimanin dubu ɗaya ne, 'yan ƙasar da ke tare da su dubun-dubata. Bayan kusan wata uku na yunwa da faɗa gida-gida, aka kama sarki Cuauhtemoc ranar 13 ga Agusta.

Waɗanda suka taimaka don su sauke kaya ba su sauke ba. Sababbin masu mulki sun nemi tsofaffin takardun haraji suka ɗora nasu a kai, suka ƙara da aikin tilas a gonaki da ramukan azurfa. Annobar 1545 da ta 1576 suka share miliyoyi. Tafkin aka yi ta janye ruwansa har ya kusa ƙarewa, birnin Meksiko na yau a kan busasshen gindinsa yake zaune, yana nutsewa sannu a hankali. A Xochimilco akwai sauran chinampa da ake nomawa, ana kai ganye da furanni kasuwa. Fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi na magana da Nahuwatl. A ƙauyukan jihar Oaxaca kuma, in za a gyara hanya ko a yi wa makaranta rufi ko a share magudanar ruwa, hukumar gari kan sanar, kowane gida ya turo mutum guda da fatanya ko shebur, ba a biyan kowa ko sisi. Sunan wannan aiki tequio, daga tsohuwar kalmar nan tequitl.